Kalandar Kwalta: Zaɓen Lokacin Shimfiɗa Titi a Yanayin Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba lokacin da ya fi dacewa da shimfiɗa kwalta a arewacin Nijeriya da yankunan da ke da yanayi irin nasa, kamar kudancin Jamhuriyar Nijar. Ta fara da bayanin abin da haɗin kwalta ke buƙata tun daga wurin dafa shi har zuwa wucewar rola ta ƙarshe, sannan ta auna damina da kaka da hunturu da bazara a kan wannan buƙata. Hujjar da ta tsaya a kai ita ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi kyau, kuma abin da ya fi hana cin moriyar waɗannan watanni shi ne yadda kalandar kuɗi da ta siyasa suke saɓa wa kalandar sama.

1.0 Gabatarwa

Littattafan aikin titi da aka rubuta a Amurka ko Ingila, idan suka zo babin yanayi, da sanyi suke farawa. Hukumomin hanyoyi da dama a Amurka ba sa yarda a shimfiɗa siririyar kwaltar sama idan zafin iska ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. A jihohinsu na arewa ma rufe injinan dafa kwalta ake yi baki ɗaya idan ƙanƙara ta kusa sauka, sai wajen Afrilu ko Mayu a sake kunna su. Lokacin aikinsu ke nan daga Mayu zuwa Oktoba. Wanda ya ɗauko wannan jadawali ya ɗora shi a kan Kano ko Gusau, to ya zaɓi daidai watannin da ya kamata ya ajiye injin shimfiɗa.

Ba na cewa injiniyoyinmu ba su san wannan ba. Kowane tsohon ɗan kwangila ya san damina ba lokacin kwalta ba ne, har lebura mai riƙe da shebur ya sani. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, rani kansa ba abu ɗaya ba ne. Safiyar Janairu a Jos daban, azahar ɗin Afrilu a Sakkwato daban, kuma kowannensu akwai irin ɓarnar da yake yi wa sabon titi. Maƙalar za ta bi waɗannan bambance-bambance, tare da dogaro da sanannun ƙa'idojin kimiyyar kwalta da kuma tsarin yanayin yankin.

2.0 Abin da haɗin kwalta ke buƙata

Abin da ake shimfiɗawa a titi haɗi ne na tsakuwa da yashi da garin dutse, sai ɗanyar kwalta wadda ba ta cika wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na nauyinsa ba. A Nijeriya ɗanyar kwalta mai lamba 60/70 aka fi amfani da ita. Idan ta huce tauri gare ta, idan ta ji wuta sai ta zama ruwa ta lulluɓe kowace ƙwayar tsakuwa. Shi ya sa ake dafa haɗin a zafin da ya kai digiri 150 zuwa 170, a loda shi a tifa, a kai shi wurin aiki, injin shimfiɗa ya baza shi, rola ta bi baya tana dannewa.

Daga lokacin da haɗin ya bar injin dafawa, zafinsa raguwa kawai yake yi. Da zarar ya sauka zuwa wajen digiri 80, dannewa ta ƙare: rola za ta yi ta kai-kawo amma tsakuwa ba za ta ƙara matsuwa ba, sai ma ta fara farfashewa. Kwalta tamkar tuwo ce, da zafinta ake malmala ta. Saboda haka tambayar yanayi gaba ɗaya tana komawa ne ga abu guda, wato minti nawa mai rola yake da su kafin shimfiɗar ta sandare.

Muhimmancin waɗannan mintuna yana cikin kafofin iska da ke saura a jikin shimfiɗar. Abin da ake nema shi ne kada su wuce kashi 7 ko 8 cikin ɗari bayan an gama dannewa. Idan suka haura haka, sai su haɗu da juna su zama hanyar da ruwa da iska za su ratsa. Wani bincike da aka wallafa a 1989, wanda ya yi amfani da bayanan hanyoyin jihar Washinton ta Amurka, ya nuna cewa kowane kashi 1 da ya ƙaru a kan kashi 7 yana rage wa titi kusan kashi 10 cikin ɗari na tsawon rayuwarsa. Titin da aka bari da kashi 11, ke nan ya yi asarar abin da ya doshi rabin shekarunsa tun ranar da aka buɗe shi, alhali a ido baƙi wuluk yake, sumul, babu mai cewa akwai matsala.

Abubuwa biyar ne ke yanke saurin hucewa: kaurin shimfiɗar, zafin haɗin lokacin da ya iso, zafin ƙasan da aka zuba shi a kai, ƙarfin iska, da hasken rana. Kauri ya fi sauran tasiri. A manyan hanyoyinmu akan sa shimfiɗar ƙasa mai kaurin milimita 60, sannan ta sama mai milimita 40. Ta saman ita ce mai saurin hucewa, ita ce kuma wadda taya da ruwa da rana za su ci karo da ita. Jami'ar Minnesota ta samar da wata manhaja mai suna PaveCool da ke lissafa mintunan dannewa idan aka ba ta waɗannan bayanai. Don ƙasar ƙanƙara aka yi ta, amma lissafin yana aiki a safiyar hunturu.

3.0 Damina

Ruwan shekara a Kano da Katsina da Maiduguri kusan dukkansa tsakanin Yuni ne da Satumba, Agusta kuma shi ne marka. A Kaduna da Jos yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba. A Maraɗi da Damagaram daminar ta fi gajarta. Wannan bambanci yana nufin ɗan kwangilar da ke aiki a Sakkwato ya fi na kudancin Kaduna samun watannin aiki, kuma bai dace a ba su wa'adi iri ɗaya a takardar kwangila ba.

Ɓarnar ruwa ta fara tun daga wurin dafawa. Tsakuwa da garin dutse a fili ake tara su, kuma garin dutse yana shan ruwa ya riƙe. Dole sai gangar busarwa ta ƙone wannan danshi kafin ta fara ɗumama dutsen. Ƙiyasin da masu wannan sana'a ke amfani da shi shi ne, kowane kashi 1 na ƙarin danshi yana ƙara kusan kashi 10 na man da ake ƙonawa. Ga tsadar dizal, mai injin yana da dalilin rage wuta ko gaggauta ganga. Sakamakon shi ne tsakuwar da bayanta ya bushe amma cikinta da sauran laima. Dutsen da ake fasawa a mafi yawan wuraren fasa dutse na arewa kuwa irin mai ƙwayoyi ne da ya fi son ruwa a kan kwalta. Idan danshi ya shiga tsakaninsu, kwaltar saɓulewa take yi daga jikin dutsen, sannu a hankali, daga ƙasa zuwa sama. Ƙara farar ƙasa da aka kashe da ruwa, kimanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari, yana rage wannan cuta, amma ba ya mayar da jiƙaƙƙen dutse busasshe.

Sai kuma wurin shimfiɗawa. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, haɗin kuwa yana isowa da digiri 140 ko fiye. Idan aka juye shi a kan jiƙaƙƙen wuri, tururi ne ke tashi, kowa yana gani, wani lokaci har da ƙara. Wannan tururi yana janye zafin ƙasan shimfiɗar nan take, yana kuma hana ta kama abin da ke ƙarƙashinta. Saman zai dannu ya yi kyau, ƙasan ya zauna sako-sako. Irin wannan wuri ne ake gani bayan 'yan watanni ya ɓantale faifai-faifai, musamman inda manyan motoci ke taka birki.

Babbar ɓarnar damina dai a ƙarƙashin kwaltar take. Kwalta riga ce kawai; burji da dutsen da ke ƙasa su ne ke ɗaukar nauyi. Burjin da ya sha ruwa ƙarfinsa raguwa yake yi sosai, shi ya sa ma a ɗakin gwaji ake jiƙa samfurinsa kwana huɗu kafin a auna ƙarfin ɗaukarsa. Idan aka rufe jiƙaƙƙen burji da kwalta, an kulle ruwan a ciki, ba shi da hanyar fita. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a sa tifa cike da kaya ta bi ta kansa a hankali, injiniya yana tafe a gefe yana kallon taya. Idan ƙasa tana lotsawa tana dawowa, ko danshi yana tsatsowa a sawun, ba a shirya ba, ko da rana ta kwana biyu tana dukan wurin. A yankin baƙar ƙasa mai kumbura na gabashin Borno, wajen Dikwa da Ngala, abin ya fi haka tsanani, domin ƙasar kanta tashi take yi da damina ta tsage da rani.

Akwai masu cewa ai a damina ma ana samun ranakun da ba a ruwa. Haka ne. Amma hadarinmu daga gabas yake tasowa, galibi da yamma ko da dare, kuma cikin rabin sa'a yana iya rufe gari. Tifa shida suna kan hanya da kaya mai zafi, kuɗinsa an riga an kashe, ga yayyafi ya fara: ƙalilan ne za su iya cewa a juya da su. Abin da ya halatta a wannan lokaci shi ne facin gaggawa da haɗin sanyi, irin wanda hukumar gyaran hanyoyi ta tarayya, FERMA, da aka kafa a 2002 da takwarorinta na jihohi ke yi, da sharaɗin kowa ya san na wucin gadi ne. Damina lokaci ne na yashe magudanai, duba kwalbati, da lura da inda ruwa ke kwanciya don a gyara zane.

4.0 Kaka da hunturu

Aikin titi yana da wani saɓani a cikinsa. Kwalta ba ta son ruwa ko kaɗan, amma burji ba ya dannuwa sai da ruwa daidai gwargwado. Idan ya bushe ƙayau, rola ba ta iya matse shi; idan ya jiƙe sharkaf, zamewa yake yi. A nan ne kaka ta fi kowane lokaci daraja. A Oktoba da farkon Nuwamba ruwan sama ya ɗauke, ƙasa tana da sauran danshinta, kududdufai da ramukan da aka ɗebi burji cike suke, tankar ruwa ba ta tafiya mai nisa. Wanda ya bari sai Maris zai yi aikin ƙasa, zai sayi ruwa da tsada, ya yi gogayya da makiyaya da masu noman rani a kan ɗan abin da ya rage, kuma abin da ya yayyafa da safe iska ta kwashe shi kafin gireda ta gama juya shi. A ganina tsarin da ya fi dacewa shi ne a kammala aikin ƙasa a kaka, a fesa ruwan kwaltar farko da zarar saman ya bushe, sannan shimfiɗa ta biyo baya daga Nuwamba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu babu fargabar ruwa, tsakuwa a bushe take, kuma zafin rana da tsakar rana yakan tsaya a wajen digiri 30, wanda ma'aikata ke iya jurewa. Shi ne lokaci mafi kyau, amma yana da sharuɗɗa biyu da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi.

Na farko sanyin safiya. A Kano zafin asuba a Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 13, a Jos kuwa, da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, yakan faɗi ƙasa da 10. Ga kuma iskar arewa maso gabas mai bushewa, wadda ke zare zafi daga saman shimfiɗa fiye da yadda sanyin kansa ke yi. A duba tifar da ta taso daga injin dafawa mai nisan kilomita 80, da ƙarfe bakwai na safe, ba tamfol. Idan ta iso, saman kayan da kusurwoyin bodi sun yi ɓawo. Direba ya juye, ɓawon ya farfashe ya shiga injin shimfiɗa a dunƙule. Waɗannan dunƙulallun ba sa dannuwa kamar sauran, kuma idan aka tsaya a kan titin bayan rola ta wuce za a ga tabo-tabo masu kaushi a tsakanin wuri mai santsi. Kowane tabo ramin gobe ne. Maganin ba shi da tsada: a rufe kowace tifa da tamfol, a jinkirta shimfiɗar sama har hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma, a soka ma'aunin zafi a cikin kowane lodi kafin a juye, rola kuma ta manne wa injin shimfiɗa kada ta ba shi rata. Ƙara wuta a wurin dafawa don a rama nisan tafiya dabara ce mai cutarwa, domin kwaltar da ta ƙone tun a ganga ta tsufa kafin ta ga titi, kuma da wuri take tsagewa.

Na biyu ƙura. Kafin a ɗora sabuwar shimfiɗa a kan wata, ana fesa siririn ruwan kwalta don ya haɗa su. A ranar da hazo ya sauka, ko inda motoci ke bin hanyar ratse ta burji a gefen aikin, cikin sa'a guda ƙura ta lulluɓe wannan feshi, ya daina kamawa. Bai kamata a fesa fiye da abin da za a rufe nan kusa ba, kuma a riƙa yayyafa wa hanyar ratse ruwa. Yaro ɗaya da tsintsiya a gaban injin shimfiɗa ba zai iya wannan aiki ba. Injin shara ko na hura iska ake buƙata. Haka abin yake ga ƙananan hanyoyin karkara da ake fesa wa kwalta a watsa tsakuwa a kai: tsakuwa mai ƙura ba ta mannewa, kuma idan dare ya yi sanyi kafin ta zauna, motoci watsar da ita suke yi.

5.0 Bazara

Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu zafin iska a Sakkwato da Maiduguri da Yola yana haura digiri 40, saman baƙin titi kuwa yana wuce 60. Ɗanyar kwalta mai lamba 60/70 a wajen digiri 50 take fara laushi. Gwajin Marshall da muke auna ƙarfin haɗi da shi, wanda Bruce Marshall ya ƙirƙiro a jihar Misisipi ta Amurka wajen 1939, a digiri 60 ake yin sa, wato zafin da titinmu ke kaiwa ya wuce kusan kullum a bazara.

Ta fuskar dannewa, zafi alheri ne, domin mai rola yana da lokaci isasshe. Matsalar ita ce shimfiɗar ba ta son hucewa. Haɗin da yashi ya yi masa yawa yakan yi ta gudu a gaban rola yana tsattsagewa. Mafi muni shi ne buɗe titi da wuri. An rufe hannu ɗaya, jerin tireloli ya kai kilomita, direbobi sun fusata, sai a janye shinge alhali kwaltar tana da laushi. Gwajin hanya na ƙungiyar jami'an hanyoyin Amurka, AASHO, da aka yi a jihar Ilinoi daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksul ɗin mota ya ninka biyu, ɓarnarsa tana ninkawa kusan sau goma sha shida. A haɗa wannan da tirelar da ta yi lodi fiye da kima tana tafiyar hawainiya a kan kwaltar da ba ta huce ba: kwarin sawun taya da ya kamata ya ɗauki shekaru sai ya bayyana cikin mako guda, kuma a cikinsa ruwan farko zai kwanta.

Idan dole sai an yi aiki a bazara, a mayar da shi bayan la'asar zuwa dare, a bar titin ya sha sanyin asuba kafin a buɗe. Wannan ya fi wa ma'aikata ma sauƙi. Mutumin da ke tsaye a kan abu mai digiri 140, rana tana dukansa daga sama, yana cikin haɗari na gaske, balle a shekarun da azumi ke faɗowa a wannan lokaci, kamar 2024 da ya kama daga Maris zuwa Afrilu. Daga ƙarshen Afrilu kuma sai a fara kallon gabas, saboda hadarin farko da guguwa yake zuwa.

Tun da Injiniya David Umahi ya zama Ministan Ayyuka a 2023 ake ta batun komawa titin kankare. Ko an koma, tambayar lokaci tana nan: kankare ya fi kwalta jin jiki a busasshiyar iska da zafin bazara, domin ruwansa ke ƙafewa kafin ya yi ƙarfi.

6.0 Kalandar kuɗi

Idan lokacin da ya dace a bayyane yake haka, me ya sa ake ganin injin shimfiɗa a titi a watan Yuli? Amsar tana ofis. An sa hannu a kasafin kuɗin tarayya na 2016 a ranar 6 ga Mayu, na 2017 a ranar 12 ga Yuni, na 2018 a ranar 20 ga Yuni. Daga baya aka dawo da tsarin Janairu zuwa Disamba, inda aka sa hannu a na 2020 a ranar 17 ga Disamban 2019. An yaba wa wannan gyara, kuma ta fuskar tafiyar da gwamnati ya cancanci yabo. Ta fuskar kwalta kuwa yana da tarko. Dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta 2007 ta wajabta talla da karɓar tayi da tantancewa. Idan aka fara wannan a Fabrairu, kafin a ba da aiki, a biya kuɗin somawa, a kai injina wurin aiki, an shiga Mayu ko Yuni. An ƙone watannin rani a kan takarda, an isa fili tare da ruwa. Ɗan kwangilar da ba a biyansa sai ya nuna aikin da ya yi, ga bashin banki yana hawa, zai shimfiɗa ko sama ta yarda ko ba ta yarda ba.

Kalandar siyasa ita ma haka. An saba yin zaɓe a Fabrairu da Maris, miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, kuma a kowace shekara ana son abin da za a yanke wa ƙyalle a wannan rana. Gaggawar sai ta faɗo a Afrilu da Mayu, tsakanin tsananin zafi da ruwan farko.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Ma'aikatar ayyuka tana iya mayar da damina lokacin awo da zane da talla da tantance 'yan kwangila, ta yadda za a miƙa wurin aiki a ƙarshen Satumba, kuɗin somawa yana hannu. Wa'adin kwangila a ƙirga shi da watannin rani, ba da watannin kalanda ba, kuma a bambanta na Sakkwato da na Kafanchan. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a sassan ƙasar. Manoma aka fi yi wa shelarsa, amma ya kamata a liƙa shi a jikin jadawalin kowane aikin titi. A cikin takardar kwangila kuma a rubuta ƙarara cewa injiniyan da ke sa ido yana da ikon tsayar da shimfiɗa saboda ruwa ko ƙura ko sanyin lodi, cewa ranakun da aka tsayar ba za a ci tarar ɗan kwangila a kansu ba, kuma ba za a biya kuɗin kowane yanki ba sai da takardar da ke nuna kwanan wata, sa'a, yanayin sama, da zafin kowace tifa lokacin da aka juye ta. Idan aka adana waɗannan takardu na shekara biyar, sassan koyar da injiniyanci na jami'o'inmu a Zariya da Kano da Maiduguri za su iya ɗora su a kan taswirar ramukan da suka fito, su fitar wa kowace shiyya nata jadawalin da alƙaluman gida.